Hanyar Wembley Daga Bayan Gari Take Farawa

Kofin FA da muke gani ana ɗagawa a Wembley cikin watan Mayu, tun farkon Agusta ake fara nemansa. A lokacin manyan 'yan wasan Firimiya ba su gama warware gajiyar hutu ba, masu gidajen kallo a Kano da Zariya ba su ma goge allunansu ba, amma a ƙauyuka da unguwannin Ingila an riga an hura usur. Ƙungiyoyi sama da 700 ke shiga gasar duk shekara. Kafin Arsenal ko Manchester United su sako ƙafa a zagaye na uku cikin Janairu, an riga an sallami fiye da 600 daga cikinsu, akasari a gaban jama'ar da ba ta kai ta ɗaurin auren 'yar mai unguwa ba. Wannan ɓangaren da talabijin ba ya kawo mana, shi na je gani da idona.

Daga tashar St Pancras ta Landan zuwa Sheffield tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin ƙasa. Ana bi ta Leicester da Derby, sannan Chesterfield, garin da hasumiyar cocinsa ta murɗe ta karkace, kowane baƙo sai ya leƙa ta taga ya sake dubawa. Da muka tsaya a Leicester sai Ahmed Musa ya faɗo mini a rai. A wannan gasar ce, cikin Janairun 2017, yana buga wa Leicester, ya shigo daga benci ya zura wa Everton ƙwallo biyu a gidanta. Wannan kowa ya gani a gida. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne labarin abokin wasansa Jamie Vardy. Ɗan Sheffield ne, Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma wata ƙaramar ƙungiya, Stocksbridge Park Steels, ana ba shi fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'anta. Sai a 2012 Leicester ta saye shi daga Fleetwood a kan fam miliyan 1. Ranar da suka doke Chelsea suka ɗauki kofin a 2021, tare da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, Vardy ya zama mutumin da ya taka wannan gasa tun daga zagayen share fage har wasan ƙarshe. Akwai waɗanda suka kalle shi tun yana karɓar fam 30, kuma ba su da yawa.

Ɗan ƙanwata ne ya tarye ni a tasha. Digiri na biyu yake yi a garin, a lokacin yana fama da rubuta kundinsa. Ɗan Arsenal ne na gani-kashe-ni, ya san albashin kowane ɗan wasa da ranar ƙarewar kwantiraginsa, amma tunda ya zo Ingila bai taɓa shiga filin ƙwallo ko ɗaya ba. Tikitin Arsenal ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sauran kuma a wurinsa ba ƙwallo ba ce. Da na gaya masa inda nake so mu je ranar Asabar sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Kawu! Ka taso takanas tun daga Kano don ka kalli magina da masu gyaran famfo suna guje-guje?"

Na ce masa su ɗin dai.

Sheffield gari ne na tuddai, wanda ya yi suna a ƙirar ƙarfe, wuƙaƙe da cokula. Duk inda ka nufa, ko hawa kake ko gangara. Ranar Asabar da hantsi muka hau bas zuwa unguwar Crosspool da ke yammacin gari, don in ga Sandygate. In ba a nuna maka ba sai ka wuce shi: katangar dutse, rumfa guda, gidajen mutane kewaye. Amma kundin Guinness ya amince cewa babu filin ƙwallon ƙafa da ya girme shi a duniya. A nan aka kara ranar 26 ga Disamba, 1860, tsakanin masu filin, wato Hallam, da Sheffield FC wadda aka kafa a 1857, ƙungiyar da ta fi kowace tsufa. Har yau Hallam a nan take wasa, a can ƙasan matakan gasar Ingila. Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gangare gare shi da ido ke gani, ƙungiya ɗaya na hawa ɗaya na sauka har a juya. Hallam ce kuma ta ci Kofin Youdan a 1867, shekara huɗu kafin a ƙirƙiro Kofin FA a 1871. Ko bugun kwana da muke tashi tsaye dominsa, daga dokokin mutanen Sheffield aka aro shi. Yaron ya ɗauki hoto, ya tura wa abokansa, ya ɗan rage dariyar.

Wasan da muka nufa a wani ƙaramin gari yake, bayan tuddai. Muka yi azahar a masauki, muka sake kama bas. Tun daga bakin titi babu alamar ana wani abu, sai wani allo da aka jingina da turken fitila, an rubuta sunayen ƙungiyoyin biyu da "ƙarfe 3". Muka bi wani lungu tsakanin gidaje har muka ci karo da ƙofar ƙarfe mai juyawa, irin wadda ke shigar da mutum ɗaya-ɗaya. Wani dattijo na zaune a akurkin da ke gefenta da gwangwanin canji a gabansa. Kuɗin mutum ɗaya bai kai fam goma ba, ɗalibai da tsofaffi kuma da ragi. Ya dube mu ta saman tabarau, ya tambaya ko tare da baƙi muke. Da na ce daga Najeriya nake, sai ya ajiye gwangwanin ya miƙo hannu ta taga muka gaisa, ya ƙwala wa wani kira ya zo ya ga abin mamaki. Kafin a take wasa rabin filin ya san da zuwanmu.

Abin da ya fara kama ni shi ne kusanci. Tsakaninka da layin fili taku biyu ne, sai wani bututun ƙarfe da aka zagaye wurin da shi, kowa ya jingina gwiwar hannu a kai. Kana jin ƙamshin ciyawar da aka yanke da safe da na man zafin da 'yan wasa suka shafa. Kana jin numfashin ɗan baya in ya biyo ɗan gaba, da ƙarar ƙwauri in ya haɗu da ƙwauri, abin da lasifikar gidan kallo ba ta taɓa kawowa. Koci na ihu, mai tsaron gida na ihu, kowa kuma ana kiransa da sunan yanka. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, da karenta a ɗaure a bututun, duk sanda lamba biyar ya taɓa ƙwallo sai ta gyara tsayuwa. Jikanta ne, ta ce, wayar lantarki yake ja wa gidaje, da safen nan ma sai da ya je aiki. Wani mai sanƙo ya ga kamar an yi satar gida ba a ɗaga tuta ba, ya faɗa wa mataimakin alƙali ra'ayinsa, shi kuwa ya waiwayo ya amsa masa cikin raha, aka kwashe da dariya. A babban fili mutum dubu sittin ne ke zagin alƙali bai ji ko ɗaya ba. A nan in ka yi magana an ji, an kuma san kai ne, don haka kowa ke auna bakinsa.

Ƙwallon kanta ba zan yi mata kwalliya ba. Akwai dogon bugu da ba a san wanda aka aika wa ba, akwai fasin ɗin da ke ƙarewa a ƙafar abokin gaba, sau da dama ƙwallo ta fi daɗewa a sama da a ƙasa. Sau ɗaya ta tsallake shinge ta faɗa lambun wani gida, wani yaro ya ruga da tsani, da alama aikinsa ke nan duk Asabar. Wanda ya zo neman yankan Messi ya yi ɓatan kai. Amma wasan kofi ne, wanda aka ci ya tafi gida sai baɗi, kuma wannan na fitowa a kowace haɗuwa. Baƙi suka fara ci kafin hutu, daga wani kuskuren ɗan baya, magoya bayansu da ba su fi cikin ƙaramar bas ba suka yi ta dukan allon talla.

Da aka tafi hutun rabin lokaci sai na ga jama'a sun kwashi kofunansu sun fara zagaya fili. Ashe al'ada ce: kowa yakan koma bayan ragar da ƙungiyarsa za ta kai wa hari, magoya bayan gida da na baƙi su yi kiciɓis a hanya, a gaisa, a wuce. Babu ɗan sanda ko ɗaya. Muka bi layin shayi a wata 'yar bukka da mata biyu ke kula da ita. Akwai wani burodi mai nama a ciki da kowa ke saye. Musulmi ya tambaya kafin ya kai baki, don sau da yawa alade ne. Muka tsaya a soyayyen dankali. Wani ya zagayo da tikitin caca na tara wa ƙungiya kuɗi, na ba shi haƙuri, na jefa abin da ya sawwaƙa a bokitin gudummawa, bai nuna damuwa ba.

A layin nan na haɗu da ma'ajin ƙungiyar, tsohon malamin makaranta, wanda shi ne kuma mai wanke jesi. Shi ya warware mini lissafin. A gasar lig mai gida ke riƙe kuɗin ƙofa, amma a Kofin FA raba shi ake yi tsakanin ƙungiyoyin biyu bayan an cire ɗawainiya, kamar sallamar alƙalai da kuɗin motar baƙi. In mutane ba su zo ba, abin da za a raba ba ya taka kara ya karya. Sai ladan da hukumar ƙwallo ke bayarwa: a kakar 2023/24 wanda ya ci zagayen farko na share fage fam 1,125 yake samu, wanda aka cire fam 375, alhali mai ɗaukar kofi a Wembley fam miliyan 2 ne nasa a wasan ƙarshe kaɗai. Fam dubu ɗaya ba ta kai abin da wani tauraro ke samu kafin ya gama ɗaura takalmi ba, amma a nan ita ce kuɗin wutar fitilun fili, ita ce ƙwallaye da fentin layi. Ya ce in aka samu ƙarin mutum hamsin a kan waɗanda aka saba gani, da tikitinsu da shayinsu, a littafinsa yake ganin bambancin ranar Litinin.

Wannan ne dalilin wata doka da ke ba mutanenmu mamaki. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin daga 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar. Tun shekarun 1960 aka kafa ta, bisa matsin shugaban Burnley na lokacin, Bob Lord, don kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan filaye wayam. Wato wasan Firimiya na ƙarfe uku da yaro ke kallo a Fagge ko Tudun Wada a kan 'yan nairori, Baturen da ke zaune kusa da filin ba shi da halin ganinsa a ɗakinsa. Masu ƙwallon sun san abin da talabijin ke yi wa ƙaramin fili, sun yi wa nasu katanga, mu kuma suka sayar mana da hoton. Akwai ma ranar da suka ware, Non-League Day, wadda wani mai suna James Doe ya faro a 2010: a makon da manyan ƙungiyoyi ke hutu saboda wasannin ƙasashe, sai a yi ta kiran magoya bayansu su leƙa ƙaramar ƙungiyar unguwarsu.

Zagaye 14 ne tsakanin inda muke tsaye da ɗaga kofi. Ƙungiyar Firimiya shida kawai take bugawa. Tun 1901, da Tottenham ta yi, babu wata ƙungiya daga wajen manyan rukunai da ta sake ɗaukar kofin, kuma babu wanda ke wannan fili da ke mafarkin haka. Abin da ake nema shi ne a yi nisa har ƙuri'a ta haɗa ka da wani babba. Yakan faru kuwa. Duk Bahaushen da ya kai shekara talatin yana tuna ƙwallon da Nwankwo Kanu ya ci Cardiff a wasan ƙarshe na 2008 ya ba Portsmouth kofi. To Cardiff ɗin nan, a zagaye na uku, sai da ta je gidan Chasetown, ƙungiyar mataki na takwas, aka fara zura mata ɗaya kafin ta farfaɗo ta ci 3-1. A Janairun 2021 Tottenham ta José Mourinho ta je gidan Marine, ita ma 'yar mataki na takwas, filin da shingensa ke jingine da bayan gidajen mutane. Annobar korona ta hana shiga, amma mutum sama da 30,000 suka sayi tikitin wasan da suka san ba za su halarta ba, don dai ƙungiyar ta samu. A 2024 Maidstone United, ƙarƙashin koci George Elokobi ɗan Kamaru, ta je har gidan Ipswich ta yi waje da ita.

Sai dai a irin wannan rana ce ma'ajin ya ce ransa ke ɓaci. Garin da ba ya iya fitar da mutum ɗari biyu a Agusta, ranar da babbar ƙungiya za ta zo kowa sai ya tuna kakansa ɗan ƙungiyar ne, a yi layi tun asuba, har wanda ya sha ruwan sama shekara da shekaru a bakin bututun nan ya rasa tikiti. Ni ma a nan na tsaya. Ranar Tottenham ƙungiya ba ta buƙatar kowa, kujerun sayar da kansu suke yi. Ranar da take buƙatar mutum ita ce irin ta yau, da babu kyamara, babu wanda zai ce ya gan ka. In ba a ci wasan Agusta ba, babu wasan Janairu.

Manyan ma ba su bar ƙananan sun sha ruwa ba. A da, in aka tashi canjaras sai a sake karawa a gidan ɗaya ƙungiyar, kuma wannan maimaici ya ceci ƙungiyoyi da dama. Exeter City na cikin bashi har wuya lokacin da ta riƙe Manchester United babu ci a Old Trafford a 2005. Kuɗin wasan da na maimaicinsa ne suka tsamo ta. Daga kakar 2024/25 aka soke maimaici tun daga zagayen farko na gasar sosai, don manya sun ce wasanni sun yi musu yawa. A Janairun 2025 Tamworth ta riƙe Tottenham minti 90 babu ci. Da a tsohon tsari ne, da ta tafi Landan ta kwaso rabonta na ƙofa. Sai aka ƙara lokaci nan take aka ci ta 3-0. Saura zagayen share fage kaɗai ake maimaici yanzu.

A wasan namu kuwa, bayan an dawo daga hutun rabin lokaci masu gida suka farke daga bugun kwana, jikan dattijuwar nan ne ya sa kai. Kare ya yi ta haushi, ita kuwa ta kama hannun rigata tana jijjigawa ba ta ma sani ba. Ana saura 'yan mintoci aka yi cakwakiya a bakin raga, ƙwallo ta gangara ciki, ban ga ƙafar da ta taɓa ta ba, kuma babu maimaicin hoto da zai nuna mini. Da na waiwaya sai ga ɗan Arsenal ɗina a rungume da mai sanƙo suna tsalle. Da aka tashi 'yan wasa suka bi bututun suna gaisawa da mutane hannu da hannu, aka ɗunguma ɗakin taron ƙungiya, 'yan gida da baƙi da alƙalai, kowa da farantinsa. Tun watan Yuli aka fitar da jadawalin zagaye na gaba, don haka an san inda za a je. Takarda na manne a bango ta masu son kujera a bas. Na ga yaron ya tsaya a gabanta yana lalube aljihu.

"Kawu, ara mini biro."

A hanyar komawa tunanina gida ya tafi, don mu ma muna da irin wannan kofi, kuma ba ƙaramin tarihi gare shi ba. A 1945 aka fara shi a Legas da sunan Kofin Gwamna, daga baya ya zama Kofin Ƙalubale da iyayenmu ke ba da labari, yau ana kiransa President Federation Cup. Kano ta ɗauke shi tun 1953. Mutanen Sai Masu Gida ba za su manta da Asaba a 2018 ba, inda Kano Pillars ta ci uku Enugu Rangers ta farke duka ta kuma yi nasara a bugun fenareti, ko Kaduna a 2019 da Pillars ta huce a kan Niger Tornadoes. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana rukuni na biyu ta ɗauke shi a 2024. Shi ma daga ƙasa yake farawa: kowace jiha na yin nata kofin, ƙungiyoyin unguwa da makarantun horar da yara su shiga tukunya ɗaya da manya, waɗanda suka kai wasan ƙarshe su wakilci jiha a matakin ƙasa. A irin waɗannan filaye aka fara ganin Daniel Amokachi a Kaduna kafin ya je ya ci wa Everton biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1995. Amma je ka zagayen farko na kofin jiha ka ƙirga kawuna: 'yan benci, 'yan'uwan 'yan wasa, masu sayar da rake da ruwan leda. A daidai lokacin gidan kallon da ke bayan filin ya cika har ana tsayuwa, janareto na ruri.

Ba duka laifin 'yan kallo ba ne. Mutum ba zai je wasan da bai ji labarinsa ba, ko wanda aka ce ƙarfe huɗu aka take shi dab da magariba, ko aka ɗage ba sanarwa. Magidanci ba zai ɗauki ɗansa zuwa inda ake jifan alƙali ba. Waɗannan aikin masu shirya gasa ne: a fitar da jadawali da wuri a tsaya a kansa, a kai shi gidajen rediyo cikin shirin wasanni da kowa ke saurare, a sa wasa bayan la'asar, a tanadi tsaro da wurin zaman mata da yara, kuɗin ƙofa kuma ya isa hannun ƙungiyoyin da suka yi gumi. Amma akwai wanda ya fi kowa iya tara masoya ƙwallo a unguwa, shi ne mai gidan kallo. Kullum da safe yana fito da allonsa bakin titi ya jera wasannin Ingila da Sifaniya da lokutansu. Da zai ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya rubuta cewa ƙungiyar unguwa na da wasan kofin jiha ranar Laraba a fili kaza, ranar da shi ma ba shi da wani babban wasan nunawa, babu abin da zai ci masa sai guntun alli.